Tekun da Ke Bangon Littafi

"Ni ban hura wuta da ita ba!" in ji Umma.

"To ƙafa ta yi ta fita?" in ji Baba. "A cikin kwalin na ajiye ta, Kubura. Da hannuna."

"To hannun naka za ka tambaya, Malam. Ni da kwalin nan sai dai in ɗaga shi in yi shara."

'Yarsu tana zaune a bakin ƙofa, tana tsince wake. Ta sunkuyar da kai ƙasa-ƙasa, kamar waken ne ke mata magana.

Takardar garantin talabijin ake nema. Bara, da Baba ya sayar da riɗinsa, ya je Birnin Kudu ya sayo talabijin mai shiga intanet. Duk layinsu a Gwaram babu mai irinsa. Ran nan kuma, ba wanda ya taɓa shi, sai ya rubuta cewa zai sabunta kansa. Tun daga nan bai ƙara nuna komai ba sai hoto ɗaya: teku shuɗi, da ɗan jirgin ruwa, da wani farin zobe yana ta juyawa.

Baba ya kira lambar kamfanin da ke jikin kwali. Wata mata ta ɗauka, muryarta siririya kamar ta toshe hanci.

"Barka da war haka, mai girma kwastoma. Ku kashe, ku kunna."

Baba ya kashe ya kunna har sau tara.

"To ku kai shagon da kuka saya, tare da takardar garanti. Garantinku zai ƙare ranar Asabar. Mun gode da kiranku."

Ranar Litinin ke nan. In Asabar ta wuce, babu gyara, sai dai a rataye talabijin ana kallon teku.

Yarinyar ta san inda takardar take.

A farkon zangon karatu, Malama Ummussalma ta ce kowa ya yi wa littattafansa bango. Wasu suka sa takardar siminti. Wasu suka sa tsohuwar kalanda. Ita kuwa ta leƙa kwalin talabijin, ta ga wata faffaɗar takarda mai sheƙi, da hoton teku a jiki. Ba ta ko duba bayanta ba. Ta naɗe littafin lissafinta da ita. Ranar har 'yan aji shida sai da suka zo gani.

Yanzu littafin yana kan teburin Malama, cikin waɗanda za ta duba.

"Gobe zan faɗa," in ji yarinyar a ranta.

Gobe ta yi, ba ta faɗa ba. Da ta dawo makaranta sai ta zauna gaban talabijin. Ta zura wa jirgin ido. Can sai ta ji kamar tabarma tana lilo. Ga ta a cikin jirgi, iska mai sanyi tana kaɗa hijabinta. Kifaye suna leƙowa suna gaishe ta, "Ina wuni, ina gajiya?" A tekun nan babu garanti, babu Asabar. Ranaku ma ba su da suna.

Ƙarar kwano ce ta dawo da ita. Umma ce ta dire wa Baba abinci, ta juya ta yi tafiyarta. Baba ma bai ce sannu ba. Yarinyar ta ture nata kwanon waken gefe.

Ranar Alhamis, ana tsakiyar darasi, allo ya koma mata shuɗi. Lambobin da Malama ta rubuta suka fara iyo.

"Ke! Bakwai sau takwas?" in ji Malama.

"Jirgi," in ji yarinyar.

Aji ya ɓarke da dariya. Ita kuwa sai hawaye.

Da aka fita hutun tara, Malama ta kira ta. "Zo nan, 'yata. Kwana uku ke nan jikinki yana aji, ke kina wata ƙasa. Me ya faru?"

Yarinyar ta faɗi komai, har da kifayen.

Malama ta zaro littafin. Ta warware bangon a hankali, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Ga hatimin shago a baya. Ga kwanan wata. Ga lambar talabijin.

"Kin ga wannan?" in ji Malama, tana ƙwanƙwasa takardar da biro. "Alƙawari ne. Kamfani ya ce in kayansa ya lalace cikin shekara, ba da laifin mai saye ba, zai gyara ko ya canza. Haƙƙin Babanki ne, ba alfarma ba. In suka ƙi, akwai hukumar da ke sauraron kukan masu saye. Maza kai gida."

A gida ta durƙusa, ta miƙa takardar da hannu biyu. Baba ya duba gaba, ya duba baya.

"Ba ni za ki fara ba haƙuri ba," ya ce.

Ta juya wajen Umma. "Umma, ki yafe mini."

"Na yafe. Amma akwai wani mai gemu da ya ce na hura wuta."

Baba ya sosa gemun. Ya yi gyaran murya sau biyu. "Kubura, a yi haƙuri."

"Ban ji ba, injin markaɗe yana ƙara."

Babu wani inji da ke ƙara. Baba ya maimaita da ƙarfi.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Baba da yarinyar suka naɗe talabijin da bargo suka shiga bas zuwa Birnin Kudu. Yarinyar ta rungume takardar a ƙirji. Gonaki da duwatsu suna ta gudu baya. Ba ta yarda ta lumshe ido ba, kada wani jirgi ya zo ya ɗauke ta.

Mai shagon, Alhaji Ɗanbala, ya riƙe takardar da yatsa biyu, ya ɗaga ta sama, ya dubi Baba.

"Malam Maliki, ai wannan an rubuta 'Lissafi, Aji Biyar' a kai. Kamfani ba ya karɓar Lissafi. Kuma na san abin da za su ce. Za su ce wutarku ce ta ƙona shi."

"Wuta ba ta taɓa shi ba, Alhaji," in ji Baba. "Shi da kansa ya ce zai sabunta kansa."

Yarinyar ta hango wani abu a lungun shago. Talabijin huɗu ne jingine, irin nasu sak. Ɗaya a kunne yake. Ga teku, ga jirgi, ga zobe yana juyawa.

"Alhaji," ta ce, "su ma wutarmu ce?"

Alhaji ya waiga. Ya gyara hularsa.

Sai ta miƙe tsaye, ta ƙwanƙwasa teburin shagon da ɗan yatsa, ta yi muryar Malama sak. "Alƙawari ne. Haƙƙin Babana ne, ba alfarma ba. In an ƙi, akwai hukuma."

Alhaji ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Wannan lauya a ina ka samo ta?" Ya jawo biro. "Gaskiya ta faɗa. Ku ne na biyar, kuma na gaji da rufa wa kamfanin nan asiri. Gobe zan kai su Kano gaba ɗaya."

Ya rubuta musu shaidar karɓa. Baba ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Bayan mako biyu talabijin ya dawo garau. Baba ya ce yarinyar ba za ta kalla ba sai ta yi kwana uku, daidai kwanakin da ta yi shiru. Ta yi su ba gardama.

Rana ta huɗu Kaka Barira, mahaifiyar Baba, ta zo daga Basirka. Aka shimfiɗa mata tabarma a gaba. Kafin a kunna, Baba ya dubi 'yarsa.

"Me kika koya?"

"Kada in ɗauki takarda ban tambaya ba. In na yi kuskure in faɗa da wuri. Kuma in ka sayi kaya, ka adana takardarsa, don ita ce haƙƙinka."

"Madalla."

Aka kunna. Mai karanta labarai ya fito tar, da farar hula.

"Inna, kin ga ya gyaru ko?" in ji Baba.

Kaka ta matso, ta ƙura wa mutumin ido.

"Ya gyaru. Amma bawan Allahn nan ya rame. Ashe a Kanon ko koko ba su ba shi ba."