Tawada a Kan Sunan Yarima

Ranar Litinin, tara ga Maris, 1722, gari ya waye da yayyafi da sanyi. A wani ƙaramin gari na ƙasar Jamus, wata yarinya ta tashi da ƙunci. Babanta, Gottlob, mai tsara kiɗa ne. Duk hunturun nan ya yi shi yana rubuta kiɗa shida, inda goge da sarewa da kakaki ke amsa wa juna. Zai aika wa Yarima Ottokar, ko ya ɗauke shi aiki a fada. Yarinyar kuwa ta ji kiɗan nan har ya gundure ta.

Keken doki mai kai wasiƙu zai tashi da tsakar rana, kuma sau ɗaya yake zuwa a mako.

Baba ya gama shafin farko, mai ɗauke da sunan Yarima da kirarinsa. Ya ce ta barbaɗa masa rairayi don tawadar ta bushe, ya fita neman igiya.

Kurtu biyu ne a kan tebur, na tawada da na rairayi, kamarsu ɗaya. Ƙawayenta na kiranta daga waje. Ba ta duba ba, ta ɗauki ɗaya ta tuntsurar. Sai ga tawada malala a kan sunan Yarima.

Ta yi maza ta cusa shafin a tsakiyar sauran.

Baba ya dawo, ya ɗaure takardun, ya fara narka kakin hatimi. Mama ta dubi hannun 'yarta.

"Ke, me ya baƙanta miki yatsu?"

Yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi gaskiya. Baba ya kwance igiyar. Tawadar ta riga ta ci shafi bakwai.

Ya dafe kai. "Da kin faɗa tun farko, shafi ɗaya zan sake, in riski keken. Yanzu fa? Wata huɗu ina fama, ke kin gama da ni kafin a dafa ƙwai."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Haƙuri ba ya jan layi. Ɗauko alƙalami."

Suna ji keken ya wuce. Mako guda ba ta fita wasa ba. Ita ke jan layuka biyar-biyar da ake rubuta kiɗa a kansu, shi yana rubutu yana mita. Mama ta ce gara mitar da kakakin. Yarinyar ta ɗaura jan zare a wuyan kurtun rairayi, Baba ya gani, ya yi murmushi.

Ta gane cewa kuskuren da aka faɗa da wuri ƙarami ne, ɓoye shi ke sa ya girma.

Da Litinin ta zagayo, ita Baba ya ba ƙunshin da wasiƙa zuwa ga Yarima. Ta riƙe da hannu biyu har bakin keken, ta miƙa wa mai tuƙi.

"Don Allah kada ruwa ya taɓa shi," in ji ta. "Ni na ja layukan."