Wuce, Yanzu Za Ta Tashi

Ranar da Gulbegim ta fara ganin Nekruz, ƙafafunsa kawai ta gani, sauran jikin yana ƙarƙashin wata tsohuwar Toyota a tashar motar garin Horog, can cikin duwatsu. Ta fito daga shagon shayin mahaifinta ɗauke da tire, ta yi tuntuɓe da takalminsa, shayin madara ya kife masa a wando.

Ya zuro kai, fuska duk baƙin mai. "Baiwar Allah, ai ban ce a kawo ba tukuna."

"To ka kwashe ƙafafunka daga hanyar mutane," ta ce, dariya na neman ƙwace mata. Rabonta da dariya kuwa tun rasuwar yayanta Shodmon.

Shodmon direba ne. Wani hunturu motarsa ta mutu a kan dutsen Koitezek, ƙanƙara ta rufe hanya, aka same shi a cikinta sanyi ya gama da shi. Tun daga nan mahaifinsu Kurbonsho, wanda shi ma tsohon direba ne, ba ya da wata hira sai ta mota. Direbobi su cika shagonsa suna tsoma burodi a shayi mai gishiri, musu ya kaure.

"Ta Japan ba ta san tsufa ba," wani zai ce. "Tawa ta kai 'ya'yana makaranta, za ta kai jikokina."

"Tafi can! Ranar da ta yi tari sai ka jira kayan gyara daga birnin Dushanbe. Ta Rasha kullum tana laulayi, amma da guduma da guntuwar waya ka tashe ta."

"Ta Jamus fa?"

"Sarauniyar kwalta ce wannan. Hau da ita dutse ka sha kallo."

Kurbonsho ne alƙali, duk wadda ya ce tana da ƙarko an gama magana. Mota ɗaya ce bai ƙara kiran sunanta ba, wadda shi da kansa ya je kasuwa ya zaɓa wa ɗansa.

Nekruz, ɗan wani ƙauye ne a kwarin Gunt, yana jigilar fasinja tsakanin Horog da Murgab. Daga ranar tuntuɓen nan ya zama ɗan gida. Sau ɗaya ya shiga can cikin shagon, idonsa ya sauka a kan hoton Shodmon da ke bango, ya fito jiki a sanyaye. Daga nan a bakin ƙofa yake shan shayinsa. Gulbegim ta ɗauka kunyar Baba yake ji, abin ma ya ƙara mata sonsa.

Duk inda waya ta kama a hanya, sai saƙonsa ya shigo.

"Gul tawa, na sauko lafiya. Tsohuwar motar nan ta yi ta gunaguni a hawa, na ce mata ta yi haƙuri, akwai mai jiranmu."

Ita kuma ta mayar masa: "Ka gaya mata idan ta ajiye min kai a dutse, ni da ita ne. Ka saka rigar sanyin da na ba ka, sanyin idona."

Ashe akwai mai ƙyashi. Yodgor, dillalin motoci da ke shigo da su daga Dubai, ya daɗe yana zarya a kanta ba ta ko ɗaga kai ba. Da ya ji dangin Nekruz na shirin zuwa neman aure, sai ya zauna kusa da tsoho Kurbonsho, ya tausasa murya.

"Baba, ba gulma ba ce, amma tasha kowa ya sani. Ranar da Shodmon ya maƙale, mota ɗaya ce ta bi ta gefensa kafin hanya ta rufe. Ka tambayi surukin naka ko ta wane ce."

A wannan hanyar, direba ba ya wuce ɗan'uwansa da mota ta mace masa a hunturu. Wanda ya yi haka, ko shayi ba a sha da shi. Kurbonsho bai yi faɗa ba, ya dai kira 'yarsa ya ce, "Muddin ina numfashi, ba za ki shiga motar yaron nan ba, balle gidansa."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Nekruz, ka ce min ƙarya ne."

Amsar ta daɗe ba ta zo ba. "Gaskiya ne, na wuce shi. Kada ki tambaye ni sauran, Gul. Ki yafe min."

Wayyo, Gulbegim ta sha kuka. Ta rame, ta yi zuru-zuru, ga makokin yaya ya dawo sabo, ga son wanda ya kamata ta tsana ya ƙi fita daga ranta. Kalmar nan "sauran" ita ta hana ta sakat. Wata safiya ta hango shi yana ɗaure kaya a saman mota, ta ajiye tire ta je ta tsaya a gabansa.

"Ba inda za ka sai ka gaya min."

Ya sunkuyar da kai. "Na tsaya, Gul. Wallahi na tsaya. Mace ce a bayan motata tana naƙuda, jini na zuba, muna sauri asibiti. Na ce masa ya bar motar ya shigo, ya ƙi, wai kayan mutane ne a ciki. Na roƙe shi. Sai ya buga bayan motarsa yana dariya ya ce, 'Babana ne ya zaɓa min ita, ba za ta ba ni kunya ba. Wuce, yanzu za ta tashi.' Na sauke matar na juyo, na tarar hanya ta rufe."

"Shi ne ka yi shiru ana zaginka?"

"In faɗa wa tsohon nan cewa yarda da zaɓinsa ce ta zaunar da ɗansa a dutse? Gara ya tsane ni. Ni zan iya ɗauka, shi ba zai iya ba."

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin kumatunta. Ta san mahaifinta fiye da shi. Ta san duk musun motocin nan da yake yi, tambaya ɗaya yake kewayawa, ya rasa wanda zai yi wa.

"Zo mu je," ta ce.

Suka sami Kurbonsho shi kaɗai yana goge kofuna. Nekruz ya durƙusa ya maimaita komai. Kofin ya suɓuce daga hannun Kurbonsho.

"Haka ya ce? Babana ne ya zaɓa min?"

"Haka ya ce, Baba."

"Yana dariya?"

"Yana dariya."

Tsoho ya zauna daɓas, ya rufe fuska da tsumman hannunsa, ya fashe da kukan da ko ranar jana'iza bai yi ba. "Kullum ina cewa ya mutu yana tsine min," ya ce. "Kullum. Ashe yaron nan bai yi fushi da ni ba."

Gulbegim ta rungume shi suka yi ta kuka tare. Da ya lafa, ya share ido ya dubi Nekruz. "Matar fa?"

"Ta rayu, Baba. Namiji ta haifa, yanzu har yana gudu."

Kurbonsho ya gyaɗa kai a hankali. "Tashi, ɗana. Ka ce wa mutanenka su zo."

Aka yi biki da kaka, bayan an kwashe dankali. Ba a cika kiɗa ba, don gidan bai gama warkewa ba, amma direbobin tasha kaf sun zo, ta Japan da ta Rasha da ta Jamus duk aka jera su a ƙofar gida, ranar babu wanda ya yi musu. Yodgor ne kawai ba a gani ba.

Da aka fito da amarya cikin jan mayafi, Kurbonsho ya riƙe hannunta har bakin mota, ya shigar da ita da kansa. Ya zagaya wajen ango ya dafa kafaɗarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai, ya tsare min ku a hawa da gangara." Ya ƙara matsowa kusa da shi. "Abu ɗaya nake roƙonka. Duk ranar da ka sake tsaya wa ɗan wani a dutse ya ce maka wuce, ɗauke shi ko yana zaginka."

"Na yi alkawari, Baba."

Gulbegim ta leƙo ta taga tana kallon mahaifinta ta cikin mayafi, yana tsaye a tsakiyar titi da hannu a sama, har motar ta sha kwana.