Gilashin Motar Baba

Ko kurɓar shayin safe Sufeto bai yi ba aka kira shi. Mota ta buge mai keke a hanyar bayan kasuwa, direban kuma ya gudu.

Da ya isa, an riga an lulluɓe gawar da zani. Dattijo ne mai kai burodi shaguna. Keken ya lanƙwashe, burodi ya watse har cikin kwata. Sufeto ya tsuguna ya tsince fasassun gilasan fitila, ya kankaro ɗan shuɗin fenti da ya manne a ƙarfen keken.

A tsallaken titi akwai rumfar mai faci, sai sunne kai yake yi kamar bai san ana yi ba.

"Me ka gani?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ni? Ban ga komai ba, Yallaɓai. Aiki ya sha mini kai."

"Wane aiki? Ko injin iskarka ba ka tayar ba."

Mai faci ya kawar da kai. Tsoron zuwa kotu ne, ba wani abu ba. Da ya ga Sufeto ya ja benci ya zauna, sai bakinsa ya buɗe.

"Tsohuwar a-kori-kura ce, shuɗiya. Ta tsaya. Ban ga fuskarsa ba, gari bai gama wayewa ba. Amma gilashi ya sauka rabi shi kaɗai, ko kafaɗarsa bai motsa ba. Ya leƙo ya dubi tsohon."

"Yana da rai a lokacin?"

"Yana motsi, wallahi. Da mutumin zai rufe, sai gilashin ya ƙara sauka ƙasa, sannan ya hau. Ya taka mota ya tafi."

Tsohuwar a-kori-kura mai gilashin lantarki ba abu ba ce da za ta ɓuya. Kafin hantsi Kofur, mataimakin Sufeto, ya gano ta a layin gareji, gaban shagon wani mai gyaran wayoyin lantarkin mota da ake kira Tartsatsi. Fitilar dama a fashe, bamba ya loɓa.

Tartsatsi ɗan guntun mutum ne mai kaurin suna a aikinsa, kuma ya fi kowa sanin haka. Da ganin Sufeto ya miƙe zumbur.

"Motar wa?"

"Ta wani dattijo ce, ranka ya daɗe. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ya ɗan samu sauƙi, amma hannun ba ya iya murɗa gilashi. 'Yarsa ta kawo in cire hannun murɗawa in saka na lantarki. Ba ta ma gaya masa ba."

"Ka gama?"

"Tsaf! Jiya da yamma. Aikina ba ya kwana."

"Makulli fa?"

"Yana aljihuna tun da aka kawo ta. Na rantse ban tayar da ita ba."

Kofur ya riga ya ciro ankwa. Mota a hannunsa, makulli a aljihunsa, ga kisan kai. Me kuma ake jira? Sufeto bai hana shi ba. Ya karɓi makullin ya shiga motar.

Abu na farko da ya lura da shi, an tura kujerar direba har ƙarshen baya. Ya dubi ƙafafun Tartsatsi, waɗanda da kyar za su taɓo birki daga nan. Ya murɗa makulli, ya danna ƙasan maɓallin da ke jikin ƙofa. Shiru. Ya ƙara dannawa. Shiru. Da ya danna sama, sai ga gilashi yana sauka sumul.

"Wannan ne tsaf ɗin?"

Tartsatsi ya sosa ƙeya da hannayen da ke cikin ankwa. "Na juya wayoyi biyu, ranka ya daɗe. Sai da na ɗaura murfin ƙofa na gane. Na ce da safe in gyara kafin kowa ya sani. In 'yan layin nan suka ji, na shiga uku da tsiya."

"Kana fuskantar tuhumar kisa, kana tsoron tsiyar makanikai?"

"Yallaɓai, ba ka san su ba ne."

Aka ja motar zuwa caji ofis, aka sa Tartsatsi a sel. Sai dai zuciyar Sufeto ba ta kwanta ba. Wanda ya haɗa wayar da hannunsa, ya san ta juye, ba zai yi kokawa da maɓallin a kan titi ba. In kuwa ba a samo wani ba, wannan ɗan guntun ne zai tsufa a gidan yari.

Gidan mai motar ƙarami ne. A tsakar gida akwai tabon baƙin mai inda motar take kwana. Dattijon yana zaune a kujerar roba, hannun hagu a kan cinya. 'Yarsa, malamar asibiti, tana tsaye a bayansa. Can jikin ƙofa ƙaninta ne, dogo, mai aikin tayil, wanda duk gidan ke kira Auta.

"Baba, akwai makulli na biyu?" in ji Sufeto.

"Akwai. Ga shi can a ƙusa."

"An taɓa shi?"

'Yar ta yi caraf ta amsa. "Ko kusa. Tun da na kai motar yake nan."

Sufeto ya duba. Makullan gidan duk sun yi ƙura a ƙusoshinsu, wannan kaɗai yake fes.

"Kai fa, samari? Kana tuƙi?"

Dattijon ya riga shi. "Na hana shi motata. Ƙafarsa ta cika nauyi a kan totur."

"Ni rabona da shiga motar nan tun kafin Baba ya kwanta," in ji Auta. "Ko gilashin da ake magana ban gani ba. Ko ba haka ba, Yaya?"

Yayar tasa ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

"To, madalla. Ku zo ofis da azahar, ku duba ko an ɗauki wani abu a ciki."

Da gangan Sufeto ya sa aka bar motar a tsakiyar fili, rana tana dukanta, gilasai a rufe ruf. Ya murɗa makulli ya bar shi a jiki. Dattijon ya nace sai da aka zo da shi, aka ba shi kujera a inuwa.

"Malama, ke za ki fara."

Ta shiga, ya rufe ƙofar. Ya bari ta ɗan dahu, sannan ya ƙwanƙwasa gilashi, yana motsa baki kamar mai tambaya. Ta danna ƙasan maɓalli. Ta sake dannawa. Ta yi tsaki ta buɗe ƙofa.

"Abin nan ba ya aiki! Wannan ne aikin da ya yi mini?"

"Sai haƙuri. Samari, bismilla."

Auta yana can Kofur na ɗaukar bayaninsa, bai ga abin da ya faru ba. Ya shiga ya zauna daram, ƙafafunsa suka sauka daidai kan birki. Sufeto ya rufe ƙofa, ya jira har gumi ya keto masa, ya ƙwanƙwasa.

Yatsan Auta ya tafi kai tsaye ya danna sama. Gilashi ya sauka.

"Na'am, Yallaɓai?"

Sufeto ya jingina da ƙofar. "Ni ƙasa na danna. Yayarka ma ƙasa ta danna. Duk mai son gilashi ya sauka, ƙasa yake dannawa. Wa ya koya maka?"

"Sa'a ce kawai."

"Kujerar ma sa'a ce? Ba ka ko gyara ta ba."

Auta ya waiga yana neman yayarsa. Ita kuwa ta riga ta fashe da kuka.

"Na gan shi yana mayar da makulli da safe," in ji ta. "Ya ce tayil ya kai wa wani, kada in gaya wa Baba. Da kuka zo na gane, na kasa faɗa. Ƙanina ne."

Auta ya kifa kai a kan sitiyari. "Ban gan shi ba, wallahi. Sauri nake yi in mayar da ita kafin a buɗe gareji. Na tsorata."

Dattijon ya miƙe da kyar, ya dogara sanda har bakin tagar. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Buge shi tsautsayi ne, Auta. Amma ka sauke gilashi. Ka gan shi?"

"Na gan shi, Baba."

"Yana motsi?"

Auta ya sunkuyar da kai. Kofur ya buɗe ƙofa ya sa masa ankwa. Yana ta kiran "Baba, Baba," har aka shige da shi bayan kanta, dattijon bai waiga ba.

Aka fito da Tartsatsi yana murza wuyan hannu. Ko godiya bai tsaya yi ba, idonsa na kan ƙofar motar.

"Ranka ya daɗe, a ba ni sukurdireba in juya wayoyin nan."

"Kada ka taɓa su. Su suka fito da kai, kuma alƙali zai so ya danna da kansa."

Dattijon yana nan tsaye. Ya ɗaga hannun hagun a hankali, ya shafa wurin da hannun murɗawa yake a da, inda yanzu aka toshe da ɗan baƙin murfi.

"Me ya sa kika saka wannan abin?" ya tambayi 'yarsa.

Ta share ido da bakin mayafi. "Don ka riƙa gaisawa da mutane a hanya, Baba."