Kafiretar da Gwani Ya Ɗauko

Tun da aka fara zalunci a bayan ƙasa, in dai Gwani ka tambaya, ba a taɓa yi wa wani bawan Allah irin wanda aka yi masa ba. Ya ji labarin waɗanda aka ƙwace wa mulki, ya ji na waɗanda gobara ta bari da rigar jikinsu, amma a wurinsa waɗannan duk sun samu sauƙi. Shi akwatin kayan gyaransa aka kulle. A cikin gidansa, da ransa da lafiyarsa, an ɗana wa akwatin kwaɗo, maiɗakinsa ta rataya makullin a wuya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran agogo, yau ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai an kira maƙwabci.

Wai duk a kan mota.

Motar ta maiɗakin ce. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, da motar take zuwa aiki, da ita take rugawa in haihuwa ta zo da gardama. Wata Asabar da safe ta murɗa makulli, motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Gwani ya fito yana gyara hula, ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo kamar likitan da ya riga ya san cutar.

“Injekta ce,” in ji shi. “Motocin yanzu ƙwaƙwalwa aka sa musu, ita ke auna mai tana fesa wa inji. Duk abin da aka ba ƙwaƙwalwa kuwa sai ya yi taurin kai. Zan cire ta in sa miki kafireta irin ta da: mai ya taru a 'yar tasa, iska ta ja shi, shi ke nan. Da sukudireba ɗaya za ki yi mata magana ta ji.”

“Baban Auta, mu kai ta gareji mana.”

“Gareji? Ina raye? Ni da nake buɗe agogon da bai kai farcenki girma ba? Mota ai agogo ce aka yi wa taya.”

Kwana uku ya yi kansa a cikin bonet. Ya zare ƙwaƙwalwar, ya datse wayoyi ya naɗe bakinsu, rana ta biyu da yamma ya shigo da kafireta ƙunshe a tsumma, ya ce sabuwa ce dal, wani amininsa mai shigo da kaya ya ba shi. Rana ta uku motar ta tashi, da baƙin hayaƙi da harbin salansa, amma dai ta tashi. Gwani ya ƙi wanke hannu. Ya bi layin daga farko har ƙarshe yana gaisawa da mutane da bayan hannu, don a tambaye shi dalili. Noti bakwai ne suka rage masa bayan ya gama haɗa komai, bai san mazauninsu ba. Ya duba hagu da dama, ya watsa su a kwata.

Ranar da abin ya fara, yamma ce kamar kowace yamma. An idar da sallar magariba, sauran haske na janyewa daga saman katanga a hankali. Maiɗakin tana ninke wanki. Auta, 'yarsu da ta rage a gabansu, mai shekara sha shida, tana kan tabarma da littafin makaranta. Gwani yana kan kujerarsa da kofin shayi, yana bayanin kafireta karo na huɗu. Motar tana ƙarƙashin rumfa, daf da tagar ɗakin Auta.

Sai shiru ya sauko. Tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar maƙwabta suka ɗauke wuta gaba ɗaya, kamar an rufe su da murfi.

Wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ya gangaro a hankali, yana ƙara, yana tsayawa, yana ci gaba, har ya faɗo daidai gaban Gwani. Ya kalle shi sau ɗaya ya ɗora ƙafa a kai.

“Yaran layi ne,” ya ce. “Ba su da tarbiyya.”

Na biyu ya faɗo. Na uku. Maiɗakin ta daina ninke wanki, leɓenta na motsi. Da na bakwai ya gangaro, jifan ya tsaya. Makullin motar yana rataye a ƙusa cikin ɗaki, kowa ya sani, amma sai ga wani siririn kuka yana fitowa daga wajen tankin mai. A ƙarƙashin kukan kuma, can cikin bonet, wani ɗan tari, ƙarami, mai shaƙewa.

Auta ta ɗago kai daga littafi. Ba ta kalli kowa ba.

“Baba,” ta ce, “wa ke yi wa jariri wanka da fetur?”

Da gari ya waye Gwani ya riga kowa fita, ya tsince notin bakwai ya binne a bayan gida. Da magariba suka dawo ta kan rufi, da ɗanyar ƙasa a jikinsu. Ya kai su bakin kasuwa ya zuba a bola, suka dawo. Auta ta daina cin abinci. In rana ta yi sanyi sai ta je ta zauna gaban motar, ta ɗora tafin hannu a kan bonet tana jijjigawa kaɗan-kaɗan, kamar mai rarrashi. In an tayar da injin kuwa sai ta toshe kunne ta yi ta ihu har a kashe. Uwar ta kai ta asibiti, aka auna jini, aka auna komai, ba a ga komai ba.

Gwani bai rasa waɗanda zai ɗora wa laifi ba. Ya ce hassadar maƙwabta ce, tunda sun ga aikin hannunsa. Ya ce wayar da yarinyar ke dannawa ce. Har ya ce ko a ɗakin haihuwa uwar ta kwaso wani abu. Amma ya daina zama a tsakar gida, ya daina bayanin kafireta, kuma in Auta ta wuce sai ya sami abin kallo a ƙasa. Sau biyu ya ɗauki sifana ya nufi motar. Sau biyu ya tuna layin da ya bi da baƙin hannu, ya mayar da sifanar.

A yamma ta shida Auta ta faɗi a gaban motar, jikinta ya sandare. Uwar ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da Malam, wani dattijo siriri mai koyar da karatu a makarantar bayan masallaci, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Aka shimfiɗar da yarinyar a tabarma, kanta a cinyar uwar. Malam ya zauna gefe ya fara karatu. Ya yi ta yi, ba gaggawa, duhu na taruwa a kusurwoyin gidan. Gwani yana tsaye jikin ƙofa, ya harɗe hannu a baya. Can sai yatsun Auta suka fara karkarwa, ta buɗe ido, idon ba nata ba. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, busasshiya, mai gajiya.

“Ya isa, Malam. Kana ƙona ni.”

“Wace ce ke?”

“Tsohuwa ce. Ban zo da faɗa ba, biyo kayana na yi.”

“Me kika ajiye a gidan mutane?”

“Jikana. Shekara arba'in muna zaune a matacciyar motar nan ta bayan tsohon gareji, ƙarƙashin bishiya, ba mu taɓa kowa ba. 'Yar tasar cikin kafireta ita ce makwancinsa, a bushe take, ba iska, ba ɗigo. Ranar nan na fita, na dawo na tarar an kwance ta da yaron a ciki. Ko sallama ba a yi ba.”

Maiɗakin ta ɗago kai a hankali. Ba ta juya wajen ƙofa ba.

“Yanzu kullum aka murɗa makulli sai fetur ya rufe shi,” muryar ta ci gaba. “Kuma ba kaɗan ba. Wanda ya yi aikin ko famfon mai bai canza ba. Famfon injekta ƙarfi gare shi, kafireta ba ta ɗaukar wannan turi, ambaliya take. Ni da ban taɓa riƙe sifana ba na san wannan. Noti bakwai ya bari, ina dawo masa da su yana zubarwa.”

Gwani ya sunkuyar da kai.

“Yarinyar ba ta yi miki komai ba,” in ji Malam. “Ki fita.”

“A ba ni motar duka, mu zauna a ciki.”

“Ba taki ba ce. Mata masu naƙuda ke jiran ta.”

“To a bar min yarinyar, ta iya rarrashi.”

Malam ya koma karatu. Jikin Auta ya lanƙwashe, ta saki wata ƙara da ta sa karen maƙwabta ya kama haushi. Uwar ta rungume ta tana kuka ba sauti.

“Na bari! Na bari!” muryar ta ce tana haki. “A mayar min da kayana inda aka ɗauko, gobe kafin rana ta faɗi. Wanda ya kwance shi zai ɗaura, a ƙafa zai je. Kuma ya faɗa da bakinsa cewa shi ne, yanzu, mai motar tana ji.”

“Ki faɗi sunansa mana.”

“In na faɗa za a ce aljanu maƙaryata ne.”

Malam ya gyara zama. Sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, “Gaskiya ne, suna ƙarya. In babu wanda ya san wannan magana a gidan nan, zan ci gaba da karatu har ta fita don dole. Sai dai zai ɗauki lokaci, kuma jikin yarinyar ne zai sha wahalar.”

Ga ƙofa an buɗe wa Gwani, faffaɗa. In ya yi shiru, kafiretarsa sabuwa ce har abada. Ya kalli hannun Auta da ke kwance a gefen tabarma, ya ga yadda wuyan hannun ya rame cikin kwana shida, har agogon da ya gyara mata da kansa ya zame ya koma wajen gwiwar hannu. Malam ya buɗe baki zai fara.

“Ni ne,” in ji Gwani.

Muryar ta fito ƙarama, kamar ba ta mai bayanin kafireta ba.

“Ba na ji,” in ji tsohuwar.

“Ni ne na kwance ta. Babu wani amini, babu wata sabuwa. Da toka na goge ta ta yi ƙyalli.”

“To. Ɗayar maganar da ka ɓoye kuma ba ruwana, tsakaninku ce,” in ji tsohuwar. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Da ta buɗe ido nata ne. Ta ce, “Mama, yunwa nake ji.”

Washegari da la'asar Gwani ya bi layin nan dai, daga farko har ƙarshe, da kafireta a tsumma, ya rungume ta da hannu biyu yana tafiya a hankali don kada ta girgiza. Mai shagon kusurwa ya ɗaga murya, “Gwani, wani aikin aka samu?” Ya ce, “Mayarwa zan yi,” bai tsaya ba. A bayan tsohon garejin ya sami motar, tayoyinta sun nutse a ƙasa, ciyawa ta fito ta cikin kujeru. Ya yi sallama, ya jira kaɗan. Sannan ya tsane 'yar tasar da gefen rigarsa har ta bushe, ya ɗaura kafiretar a mazauninta, noti bayan noti, da irin hannun da yake taɓa cikin agogo. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma babu wanda ya gani. Da ya juya zai tafi ya ji wata 'yar hamma a bayansa. Bai waiwaya ba.

Magaribar ranar babu abin da ya faɗo a rufi.

Kwana biyu bayan haka maiɗakin ta kira makanike na gaske. Mutumin ya duba wayoyin da aka datse ya yi salati, ya karɓi noti bakwai a hannun Auta ya sake yin salati. Sannan ya buɗe ƙwaƙwalwar da aka cire, ya karkata ta, ya shinshina.

“Hajiya, injektar nan fa lafiyarta ƙalau. Wannan ce ta sha ruwa.”

Maiɗakin ta juyo. Auta ma ta juyo. An yi yayyafi a makon, Gwani ya tuna, kuma maganar yayyafin har ta zo masa bakin harshe. Ya haɗiye ta.

“Ranar Juma'a da yamma,” ya ce yana kallon takalminsa, “kin tafi aiki a motar asibiti. Na ɗaga bonet na wanke injin da tiyo, don in an buɗe a gaban mutane a ga yana sheƙi.”

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta ce, “Allah ya kyauta, Baban Auta,” ta shiga ɗaki.

Har yau in ka zauna da shi zai ba ka labarin akwatin da aka kulle, da makullin da ke wuyan maiɗakinsa, da irin hasarar da unguwa ke yi na rashin hannunsa. Zai buga ƙirji, zai kira shaidu. Amma in Auta ta zo wucewa da agogonta daidai a wuyan hannu, sai muryar ta sauka, ya juya kofin shayinsa sau biyu, ya ce, “Kwaɗon ma fa ni na sayo. Ni na ɗana, ni na miƙa mata makullin.”