Lofen da Za a Binne da Arvo

Da safiyar Juma'a Signe Lehtinen ta buɗe gidan lofen mijinta, ta tarar wayam, sai shatin lofen kawai a jikin jan ƙyalle. Mijin nata Arvo ya rasu tun Talata, gobe Asabar ƙarfe goma za a rufe akwatinsa. Abu ɗaya tak ya roƙe ta kafin ya cika: a sa masa lofen nan a aljihun kwat. Ta ce ta ɗauki alkawari. To ga gidan lofe, ba lofe.

Da ta kira 'yan sanda, wanda aka turo shi ne Corwin Haugland, ɗan sandan da ya fi kowa baki a garin Duluth. Manya suna can suna bin ɓarayin mota, shi kuma an haɗa shi da tukunyar taba. Ya shigo da barkwanci cike da bakinsa, yana ganin fuskar tsohuwar ya haɗiye rabi.

"Misis Lehtinen, wane irin lofe ne wannan? Na zinariya?"

"Na farin dutse ne, mirsham. Ni na saya masa ran aurenmu, fari fat. Shekara arba'in da shida yana sha, hayaƙi na ratsa dutsen, ya koma ruwan zuma, ya koma ja kamar shayi. Wannan launin ba a sayensa, ɗana. Shan sa ake yi."

Ta ce jiya da azahar ta ga lofen da idonta. Daga nan mutum uku ne suka shiga ɗakin: Delphine mai jinyar marigayin, da Lowell mijin 'yarsu, da Emmett abokin Arvo tun suna aikin jirgin ruwa.

Lowell bai jira an tambaye shi ba, ya leƙo daga kicin da kofi a hannu. "Kar ka wahalar da kanka, ofisa. Mai jinyar ce. Har na buga wa kamfaninsu waya."

"Kai, sannu da ƙoƙari. Ka bar mini ko ɗan abin da zan rubuta mana."

Delphine tana ƙofar gida cikin yayyafi, ta ƙi shiga. Idanunta sun kumbura.

"Wata takwas ina juya bawan Allahn nan a gado," in ji ta, "yau ni ce ɓarauniya. An ce kar in fito aiki sai an gama bincike. Me zan yi da lofe?" Ta zaro abin shaƙar asma daga aljihu ta nuna masa. "Hayaƙin kyandir ma kwantar da ni yake."

"Jiya kin ga wani abu?"

"Ban gani ba, na dai ji. Wajen ƙarfe huɗu ina haɗa kayan jinya, sai ga ƙamshin tabar Mista Arvo daga barandar baya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce mutumin ya dawo."

Corwin bai yarda da fatalwa mai shan taba ba, sai ya zagaya baya. Kujeru biyu a barandar suna kallon tafki. Katakon jingina na gefen kujerar dama sumul yake. Na gefen hagu kuwa fenti ya ɓare, duk ƙananan ramuka, kamar kaza ta shekara tana tsattsaga. A ƙasan wurin ga toka ta jiƙe. A cikin tokar ga wani ɗan ɓalli kamar farce, ja ta waje, ba nauyi ko kaɗan. Ya naɗe shi a takarda.

Ya samu Lowell a gareji yana shan nasa lofen, fari, ya riƙe shi da farar safar hannu.

"Tiyata za ka shiga, Mista Lowell?"

"Maiƙon hannu yana ɓata launi. Ba za ka gane ba."

"Nawa gare ka irinsu?"

"Ashirin da biyu. A kabad na gilashi."

"Sai na ashirin da uku ya rage ke nan."

Lowell ya ɗaure fuska. "Sau uku na roƙi Arvo ya bar mini shi, ban ɓoye ba. Binne irin wannan abu ɓarna ce. Amma ban ɗauka ba."

Tabarsa ta ƙare suna cikin magana. Corwin ya zuba ido. Mutumin ya kifa lofen a hankali, ya sosa tokar da ɗan tsinke, ya goge cikin da ƙyalle, kai ka ce jariri yake wa wanka. Sai Corwin ya buɗe masa takardar.

Lowell ya jiƙa yatsa da yawu ya taɓa ɓallin ta wajen karayar. Ya manne. Fuskarsa ta koma fara kamar lofensa.

"Shi ne. Dutsen ne kawai ke mannewa haka. Buga shi aka yi! Wane jahili ne zai buga mirsham?"

"Kai ba ka bugawa?"

"Gara in buga kaina da bango."

Corwin ya yarda da shi. Mutum ne mai baƙin hali, amma ko ɓarawon ne, da safar hannu zai yi satar.

Emmett Brandvold yana bakin tafki a kan benci, hula har kunne, jirgin dakon ƙarfe yana kuka can cikin hazo. Baƙin lofe ne a bakinsa, duk shatin haƙori.

"Kaka, ba ka jin sanyi?"

"Uban wa ne kakanka? Zauna ko ka wuce."

Corwin ya zauna. "Naka ba irin na marigayi ba ne."

"Allah ya kiyaye. Wannan saiwar itace ce, yaro. Ya faɗi a jirgi ya fi sau ɗari, na taka shi, na cije shi, ga shi nan. Na Arvo kuwa ƙwai ne. Kar ka taɓa, kar ka ajiye a nan, kar sanyi ya buge shi. Shekara arba'in ina ce masa alli yake sha, shi yana ce mini itacen girki nake tsotsa."

"Wa ya ci musun?"

Tsohon ya ci gaba da zuƙar lofensa. Corwin, wanda bakinsa bai saba hutu ba, ya daure ya yi shiru. Yana jiran taba ce ta cinye. Da ta cinye, Emmett, idonsa na kan ruwa, ya cire lofen ya kai shi gefen benci.

Ƙwas. Ƙwas.

Bai yi na ukun ba. Hannunsa ya tsaya a sama.

"Kujerar hagu taka ce, ko?" in ji Corwin, murya ƙasa ƙasa. "Ramukan katakon nan duk aikinka ne. Delphine ba ta iya shan hayaƙi. Lowell ko da wuƙa a wuya ba zai buga ba. Wanda ya sha lofen nan jiya ya kuma buge tokar, mai lofen itace ne. Ba kai ka yi niyya ba, hannunka ne ya yi abin da ya saba."

Emmett ya sauke hannunsa. Sannan ya sa hannu cikin kwat ya fito da hankici a ƙulle. Ya kwance. Ga lofen, jajir, ya rabu biyu.

"Sau ɗaya kawai na so in ja," ya ce. "Bai taɓa bari na taɓa ba. Na ce gobe za a tafi da shi ƙasa, bari in ji mene ne wannan abin da ya cika mini kunne da shi. Na zauna a kujerata, tasa ba kowa. Na manta ma abin da ke hannuna." Ya share hanci. "Ka san abin takaicin? Gaskiyarsa ne. Hayaƙin ya fi sanyi, tabar ta fi fita. Ga shi ba wanda zan faɗa wa."

"Akwai wadda za ka faɗa wa wani abu dai. An dakatar da Delphine daga aiki saboda shirunka."

Tsohon ya rufe ido.

A kicin ɗin Signe aka ƙare, tsakanin kwanonin abincin da maƙwabta suka kawo ba wanda ya taɓa. Emmett ya cire hula ya ba Delphine haƙuri, ba ta ce ta yafe ba, ta dai gyaɗa kai. Signe ta miƙa wa Lowell waya, ta tsaya a kansa har ya sake kiran kamfanin ya janye maganarsa. Da Corwin ya tambaya ko za ta shigar da ƙara, ta girgiza kai. Ta ɗauki ɓarin lofen biyu ta haɗa su a tafinta, ta daɗe tana shafawa da babban yatsa, ba safar hannu.

"A karye ma nasa ne," ta ce. "Zai tafi da shi."

Sai ta miƙa wa Emmett ɗaya hannun.

"Ba ni naka."

"Signe, shekara arba'in Arvo yana zagin lofen nan..."

"Kwat ɗin aljihu biyu gare shi. Ka ɗanɗana nasa. Bari shi ma ya ɗanɗana naka."

Ya ba ta.

Corwin ya rage wa Emmett hanya zuwa gida cikin yayyafi. Ya tanadi wata tsokana mai kyau tun safe, bai samu inda zai sa ta ba. A kowace danja ya tsaya, sai ya ga hannun tsohon ya tafi aljihu, ya laluba, ya dawo.