Nonon da Ya Haɗa Gari Biyu

A bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi Husaina ta tsayar da adaidaita, ta taso daga makarantar koyon aikin jinya a gajiye. Tana zama ta ga 'yar ƙwarya rataye a madubi, an yi mata zane biyu da wuta. Gari biyu kaɗai ke irin wannan zanen.

"Malam, ɗan ina ne kai?"

"Marken Tudu."

"Ni kuwa Kafin Lalle."

Ya taka birki ya juyo. "Ashe 'yar nono na ɗauko! Sunana Inuwa."

"To ɗan nono, kalli gabanka. Kar ka kai ni asibiti ban gama karatun ba."

Wannan suna yana da tushe. Zamanin kakanni ruwa ya ci Marken Tudu, mutanenta suka yi hijira zuwa Kafin Lalle da jarirai a hannu, ambaliya ta tafi da iyaye mata da yawa. Matan Kafin Lalle suka shayar da marayun tare da nasu. Ranar komawa dattawa suka yi rantsuwa: garuruwan nan ya da ƙanwa ne. Duk kaka Kafin Lalle ta aika ƙwaryar nono, Marken Tudu ta aiko damin gero. Kuma ba a aure tsakani. Husaina ta san wannan sarai, domin mahaifinta, Malam Isyaku, shi ke ɗaukar ƙwaryar.

Duk da haka ta ba shi lambarta. Ba a jima ba ya zama kullum shi ke kai ta makaranta, ya kuma dawo da ita layinsu na Tarauni.

Ya rubuto mata: "Likitata, yau fasinja ya ce in kai shi Hotoro, sai na kai shi ƙofar gidanku. Wane magani ke akwai?"

Ta amsa: "Babu, Direbana. Ni ma ciwon ne da ni. Amma ina tsoron Baba."

Faruk, ɗan gwaggonta da take zaune a gidansu, ya daɗe yana sonta ba ta kula shi ba. Shi ya buga waya ƙauye. Malam Isyaku ya iso da ƙurar hanya a rigarsa, ko ruwa bai sha ba.

"Duk mazan Kano ba ki ga kowa ba sai ɗan'uwanki?"

"Baba, mun tambayi liman. Ya ce waɗanda suka sha nonon su ne haram ga juna. Mu jikoki ne, ya halatta."

"Na ce miki haram ne? Alkawari na ce. Mutanen da suka rantse suna kabari, ke za ki je ki kwance musu?"

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa. Ya janye, ya karkaɗe bakin wandonsa.

Da yamma Inuwa ya zo da kawunsa da liman. Malam Isyaku bai ba su tabarma ba. A tsaye kawun ya yi magana, a tsaye liman ya ja aya, Inuwa kuwa gwiwarsa a ƙasa.

"Baba, ni ba raini ya kawo ni ba. Da ba don nonon garinku ba, da ba a haife ni ba."

"Ka biya mu da kyau," in ji tsohon.

Daga ƙarshe ya ce zai bayar da ita. Husaina ta ji daga bayan labule, ta toshe baki don murna. Yaro bai san yadda babba ke cewa to ba.

An ɗaura aure a wani masallaci a Tarauni. Ana shafa fatiha Malam Isyaku ya miƙe.

"Jama'a ku shaida. Alkawarin gari biyu yana nan, ba a karya ba, domin Kafin Lalle ba ta da 'ya mai suna Husaina. Wadda na aurar yau 'yar Kano ce. Ba ta da gida a can, ba ta da uwa a can. Ranar da na mutu ma kar ta zo."

Ya sa takalminsa ya nufi tasha. Babu mace ɗaya daga Kafin Lalle da ta raka amarya. Matan maƙwabta ne da ƙawayen makaranta suka kai ta, guɗar ma ta aro ce.

Da dare Inuwa ya same ta a bakin gado, lalle a hannu, fuska a kumbure. Ya ajiye 'yar ƙwaryar da ya ciro daga madubi a gabanta.

"In ganinta zai dame ki, Likitata, na fasa ta."

"Mayar da ita. A jikinta na fara ganinka."

Wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga lambar da ba ta sani ba. Muryar Inna Hajara ce, mahaifiyarta, ƙasa-ƙasa, ana jin kukan shanu a bayanta.

"Husaina, wayar mai kawo mana dusa ce. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai. Ki bi mijinki. Kar ki kira lambar nan."

Husaina ta sake kunnawa, ta sake kunnawa. Inuwa ya zauna kusa da ita ya riƙe hannunta, duk inda Inna ta kai addu'a su ce amin tare.