Tagogin Ta Safe

Ranar da suka fara haɗuwa, da niyyar faɗa ta zauna jiransa. Ofishin wani kamfanin aika kaya ne, kwamfuta ɗaya, kujera ɗaya, ma'aikata biyu. Ita ke aikin safe ta tashi da azahar, shi kuma ya iso bayan ta tafi ya zauna har a rufe. Shi ya sa direbobi suka laƙaba musu Ta Safe da Na Yamma.

Ta Safe mace ce mai son tsari, har 'yan gidansu kan ce ko cokali aka ajiye a karkace sai ta gyara. A fuskar kwamfutar tagogi uku take jerawa: jerin kaya a rabin hagu, taswira a saman dama, saƙonnin direbobi a ƙasanta. Amma tun da aka ɗauki sabon ma'aikacin yamma, kullum da safe sai ta tarar an buɗe kowace taga ta cika allo, ɗaya ta danne ɗaya. Abin nan yana ƙona mata rai ba kaɗan ba.

Ran nan Na Yamma ya shigo da sallama, dogo, da tabarau mai kauri. Ta zazzage masa abin da ke cikinta tas, har da cewa ba shi kaɗai ke da kwamfutar ba. Bai kare kansa ba. Ya saurara har ta gaji, sannan ya tambaye ta wace taga take so a ina.

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe," ya ce. "Ban san ina ɓata miki safiya ba."

Ta fita tana jin haushin kanta, don ta shirya wa gardama ba ta samu ba.

Washegari ta tarar da tagoginta uku a jere, kowace a mazauninta. Ana cikin haka Injiniya, mai zuwa duba musu na'urori, ya leƙo. Da ta nuna masa, sai ya gyara wuyan riga ya ce ai shi ya saita mata, daga yau kwamfutar da kanta za ta riƙa yi. Ta yi masa godiya har da addu'a. Da wannan godiyar ya samu ƙofa, ya fara zuwa gidansu gaishe da Mama, ga mota ga iya magana, Mama kuwa ta ce ta yi suruki.

Sai dai zuciyar Ta Safe ba can take ba. Saƙonnin aiki da take musanya da Na Yamma sun fara tsawo. Daga "motar kudu ta makara" aka koma "kin ci abinci kuwa?" Wani lokaci takan ɓata lokaci da gangan wajen haɗa jaka don ya same ta. A nan ta ga yadda yake aiki: ya cika allo da taga ɗaya, ya ɗora babban yatsa a maɓallin Alt, ya riƙa taɓa na Tab yana tsallakawa daga wannan zuwa waccan kamar mai buɗe shafukan littafi. Ta tsokane shi da cewa aikin wahala yake so, ya yi murmushi kawai.

Wata rana bai zo ba, manaja ya riƙe masa aikin. Da safe ta tarar da tagogi a hargitse. Ta kira Injiniya ta ce saitinsa ya lalace, ya yi ta danne-danne yana gumi, ya rasa abin da zai gyara. Nan take ta gane, kunya ta rufe ta. Ta ɗauki waya ta rubuta wa Na Yamma.

"Dama kai ne kake jera mini tagogi kullum?"

Amsa ta zo: "Ni ne, Gimbiyar Safiya. Jiya asibitin ido na je. Idona na hagu ba ya gani sosai tun ina yaro, shi ya sa nake cika allo. Amma ke kin fi son su a jere."

Ta karanta, ta sake karantawa, hawaye na zubo mata. Ta rubuta: "Na gode. Allah ya saka maka da alheri. Ka zo ka gaishe da Baba."

Ya zo. Baba ya karɓe shi da fara'a, amma Mama na jin zancen ido ta ɗaure fuska. Bayan ya tafi ta ce ita ba ta raini 'ya don ta ƙare tana jan miji a hannu ba, ga mai lafiya da mota yana jira. Ta Safe ta yi bayani cewa likita ya ce matsalar idon ba ta ƙaruwa, ta yi kuka, ta yi magiya, Mama ta ce ta gama magana. Baba kuwa ya ce shi ba zai ɗaura auren da uwa ba ta sa wa albarka ba.

Da ta sanar da Na Yamma, ya rubuto: "Kada ki yi jayayya da Mama saboda ni. Tsoronta na uwa ne. Zan jira."

Wata yamma Mama ta ce ta raka ta sayen labule. A hanyar dawowa Ta Safe ta ce ta manta cajarta a ofis, Mama ta harare ta, amma ta bi ta. Lokacin rufewa ya yi, direbobi sun watse. Ƙofar ofishin ta gilashi ce, suka tsaya a bakinta.

Na Yamma yana zaune ya ba su baya. Ya gama aikinsa, jakarsa ma tana kafaɗa. Sai suka ga ya kama maus, wato linzamin kwamfutar, ya ja babbar tagar zuwa gefen hagu har ta koma rabi. Ya ja taswira zuwa kusurwa. Da tagogin suka ƙanƙance, sai ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya rufe idon hagu da tafin hannu, yana lalubar bakin taga ta uku don ya daidaita ta. Ta kuɓuce masa, ya sake kamowa. Da ya gama ya cire tabarau ya murza ido, ya sauke kujerar zuwa tsayin Ta Safe.

Mama ta tambaya a hankali me yake yi, 'yarta ta gaya mata. Ta tambaya ko sa shi aka yi, aka ce a'a. Mama ta juya suka tafi, ko cajar ba a ɗauka ba.

Sun kusa gida Mama ta yi magana. Ta ce tun tana amarya, duk ranar da Baba ya gama jin labarai sai ya mayar mata da rediyo tashar da take so kafin ya ajiye, kuma bai taɓa faɗa ba. Ta ce a kan wannan ta yafe masa abubuwa da yawa. Sannan ta tsaya cak ta dubi 'yarta.

"Ke fa? In za ki tashi da azahar, kina buɗe masa nasa su cika allon?"

Kunya ta kama Ta Safe. Wallahi ko sau ɗaya abin bai taɓa zuwa mata a rai ba.

"To mai ido biyu," in ji Mama, "ki ce masa ya turo manyansa. Shi nake tausayawa yanzu, ba ke ba."

Aka ɗaura aure cikin farin ciki, direbobi suka cika layin da hon, Injiniya ma ya aiko da fatan alheri. Da za a tafi da amarya, Mama ta riƙe hannun ango ta roƙi gafararsa, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa kowa ya riƙa tunawa da ɗan'uwansa. Baba ya ce amin yana share ido.

Ranar da suka koma aiki, Na Yamma ya iso ofis ya zauna. Kujera a ɗage take daidai tsayinsa, jerin kaya ya cika allo da manyan haruffa, sauran tagogin suna bayansa suna jiran yatsansa. Ya daɗe yana kallo kafin ya ɗauki waya.

"Na gode, matata."

"Ni ce da godiya," ta amsa. "Na makara, amma na iso."